Masu shirin zuwa Al-Ula da mota, ga 'yar shawara

Salam 'yan uwa, naga ana ta maganar tafiya Al-Ula, garin tarihin nan na Saudiyya, to bari in ɗan sa baki tunda na taɓa zuwa. Daga Madina wajen awa 4 ne ta hanyar Khaibar, amma don Allah kar wanda ya kama hanyar nan da daddare, raƙuma na tsallaka titi kuma baka ganinsu sai kazo dab dasu. A fita bayan asuba. A cika tanki tun daga gari, gidan mai na da nisa tsakani, ruwa kuma katan biyu ko uku ba yawa bane, iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) a aljihu.

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai fa sanyin dare ba wasa, ni da jallabiya kawai naje wallahi har haƙorana na kaɗawa, ku ɗau jaket da bargo.

Madain Salih, wurin tsofaffin kaburburan da aka sassaƙa cikin duwatsu kusa da Al-Ula, wanda UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2008, ba'a shiga da motar mutum, tikiti ake yanka ta intanet tun kafin aje sannan bas ɗinsu ta zagaya da ku.

Sai maganar yashi. In ba mota mai fowil (wadda duka tayoyinta huɗu ke ja) gareka ba malam tsaya kan kwalta. Mu ƙaramar motarmu ta kafe muka kwashe awa biyu muna tono da hannu ga ba sabis, sai da wani bawan Allah yazo da igiya ya jawo mu, shi ya nuna mana ana rage iskar taya kafin a shiga yashi. Ku tafi mota biyu, ku sauke taswira a waya tun kuna gida.