In ka ga abin da bai kwanta maka ba a cikin jirgi, ga yanda ake faɗa wa ma'aikata

Karon farko da Goggona ta hau jirgi ni na raka ta, umara za mu je, da damina ne, muna zaune tun ba a rufe ƙofa ba sai wani farin abu kamar hayaƙi ya fara tuttuɗowa ta saman wurin da ake sa jakunkuna. Goggo ta damƙe min hannu ta hau salati da ƙarfi, ni kuma kunya ta ishe ni, ina ta cewa Goggo yi shiru mana ana kallon mu. Ma'aikaciyar da ta zo, Allah ya sa tana jin Hausa, ba ta yi irin wautata ba. Sai da ta ɗaga kai ta kalli wurin, ta shaƙi iskar, sannan ta durƙusa gefen kujera har fuskarta ta zo daidai da ta Goggo ta ce, "Hajiya, kin ji ƙauri? To miƙa hannu ki taɓa." Goggo ta taɓa ta ji sanyi. Ashe iskar esi ce ta gamu da iska mai laima da ke shigowa ta ƙofa, irin tururin nan da ke fitowa in ka buɗe firiza. "Kin kyauta da kika yi magana, in kin sake ganin wani abu ki danna nan," ta nuna mata madannin da ke saman kanta.

Abin da na riƙe shi ne ba ta fara da "ba komai" ba, sai da ta duba tukunna. Kuma ba wai kirkinta kaɗai ba ne, koya musu ake yi, an kuma biya darasin da rayukan mutane.

Ranar 8 ga Janairun 1989 wani Boeing 737 na kamfanin British Midland ya tashi daga Landan zai je Belfast da mutum 126. Yana cikin hawa sai wani ƙarfen fankar injin hagu ya karye, jirgi ya hau jijjiga, warin hayaƙi ya shigo. Matuƙan suka ɗauka injin dama ne, suka rage masa wuta, jijjigar ta lafa, sai suka ƙara yarda sun gano matsalar suka kashe shi gaba ɗaya, wato sun kashe mai lafiya sun bar mara lafiya. Kyaftin ya yi sanarwa ta lasifika cewa injin dama ne ya samu matsala. A baya kuwa akwai fasinjoji da suka ga wuta da idonsu tana fita daga na hagu, wasu ma sun yi mamakin jin ya ce dama, amma ba wanda ya kai magana gaba, kowa ya ce ai sun fi ni sani. Da suka zo sauka a filin East Midlands injin hagun ya ƙarasa mutuwa, jirgi ya faɗi a gefen babbar hanyar M1 kusa da ƙauyen Kegworth, titin saukar ga shi nan gabansu. Mutum 47 suka mutu.

Wata biyu bayan nan, 10 ga Maris, a garin Dryden na Kanada, wani fasinja ɗan sanda ya nuna wa ma'aikaciya dusar ƙanƙara da ta taru a kan fiffiken jirgin Air Ontario, har da matuƙan jirgi cikin fasinjojin ranar waɗanda su ma sun gani, amma maganar ba ta kai ɗakin matuƙa ba. Jirgin ya kasa ɗagawa yanda ya kamata ya faɗa cikin itatuwa, mutum 24 cikin 69 suka rasu. Bayan waɗannan biyun aka ƙara matsa wa kamfanoni su riƙa horar da matuƙa da ma'aikatan ciki kan yi wa juna magana, a daina abin nan na ƙarami ba ya gyara wa babba. Mu da aka rena da kunya da kawaici mu ya fi kamata mu ji wannan, don wallahi da ni ne a jirgin Kegworth na san shiru zan yi.

To yanzu yanda za ka yi.

Lokacin da ya fi kowanne kyau shi ne jirgi yana ƙasa. Kana hawa matakala ka ga wani ruwa na ɗiga daga fiffike ko inji, ka ga taya kamar ta yi laushi, ka ga tsaga a jikin jirgi kusa da ƙofa, ka faɗa wa wadda ke tsaye bakin ƙofa tana duba takardar kujera, nan take. A ƙasa abin mai sauƙi ne, kyaftin zai kira injiniya ya zo ya duba, in ba komai a tafi, in da komai a gyara a rubuta a littafin jirgin. A Afrilun 1988 wani jirgin kamfanin Aloha a Hawai rufinsa na gaba ya yaye yana sama ƙafa 24,000, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, daga baya wata fasinja ta gaya wa masu bincike ta ga tsaga a jikinsa lokacin da take shiga amma ba ta gaya wa kowa ba.

In kuma an riga an zauna, danna madannin kira da ke saman kanka, wanda ke da hoton mutum, ba na fitila ba. Kar ka tashi kana ratsa mutane alhali alamar bel na kunne. In abin na gaggawa ne kamar wuta ko hayaƙi mai ƙauri, danna ka sake dannawa, ka ɗaga hannu, ka ɗaga murya in ta kama, ba wanda zai ce ka yi rashin kunya.

Sannan yanda za ka tsara maganar, nan ne mutane ke ɓata abin. "Jirgin nan ba lafiya" ko "hankalina bai kwanta ba" ba abin da za ta iya kai wa kyaftin ba ne. Faɗi abin da ka gani ko ka ji ko ka shaƙa, a ina, tun yaushe, kuma yana nan har yanzu ko ya tsaya. Misali, ina kujera 18A, na ga tartsatsi daga bayan injin ɓangarena sau uku tun da muka tashi. Shi kenan. Ka ambaci lambar kujerarka don ita ke raba gardamar hagu da dama, saboda a jirgi hagu da dama ana lissafa su ne kana fuskantar gaba, kujerar A tana hagu, ita kuma ma'aikaciyar da ke tsaye tana kallon ka hagunta damanka ne, ka ga yanda za a iya rikicewa. In da hali ka ɗauki hoto ko ɗan bidiyo da waya ka nuna mata. Kuma in ka ji sanarwar kyaftin ta saɓa da abin da idonka ya gani, ka sake kiran ta ka ce ya ce dama, ni hagu na gani. Wannan jimlar kaɗai aka rasa a Kegworth.

Kar ka ɗauka matuƙa na ganin komai. Daga inda suke zaune galibi ba sa hango injin, fiffiken ma ɗan bakinsa suke gani, agogunan gabansu suke karantawa, kuma tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 ƙofarsu a kulle take, ba a shiga a fita yanda aka ga dama. Kai da ke bakin taga kana ganin abin da kyaftin ba ya gani. Yana cikin dalilan da ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a ɗaga murfin taga lokacin tashi da sauka.

Ita ma'aikaciyar ga abin da za ta yi. Za ta saurare ka, ta leƙa da kanta, wataƙila ta tambayi na kusa da kai ko shi ma ya gani, sannan ta sanar da shugabansu na cikin jirgi ko ta ɗaga wayar nan da ke maƙale kusa da ƙofa ta kira ɗakin matuƙa kai tsaye. Kyaftin ne mai yanke hukunci, ko a ci gaba, ko a koma, ko a sauka a fili mafi kusa. In ka ga ba ta kira nan take ba kar ka ce ta raina ka, akwai doka da Amurka ta kafa a 1981 wadda kusan duk duniya ake bin irinta, cewa in jirgi na ƙasa da ƙafa 10,000 ba a damun matuƙa da maganar da ba ta shafi tuƙi ba. Maganar tsaron jirgi tana wucewa, amma a 'yan daƙiƙun da jirgi ke gudu kan titi zai ɗaga ko yana dab da taɓa ƙasa ma'aikatan ciki su kansu a ɗaure suke a kujerunsu. In ta ce za ta dawo maka da bayani kuma ka ji shiru, tambaya, haƙƙinka ne.

Yawancin abin da ke tsinka wa mutane zuciya dai ba komai ba ne, bari na ambaci waɗanda na fi ganin ana salati a kansu. Jim kaɗan bayan tashi za ka ji ƙarar inji ta ragu har ka ji kamar jirgi ya tsaya cak zai faɗo, rage wuta aka yi daga ƙarfin tashi zuwa na hawa. Gum ɗin da ake ji a ƙarƙashi tayoyi ne ke shigewa ko fitowa. Fiffike na lanƙwasa yana rawa, haka aka ƙera shi, wanda ba ya lanƙwasa shi ne abin tsoro. A jirgi samfurin Airbus A320 akwai wata ƙara kamar haushin kare ko ana zarto a ƙarƙashin kujeru lokacin da ake tura jirgi baya ko bayan an sauka, wata na'ura ce ke daidaita ƙarfin man haidurolik tsakanin ɓangarori biyu. Abin nan mai kama da salatif mai ƙyalli da ake ɗauka a hoto ana yaɗawa a WhatsApp wai an liƙe jirgi da salatif, na alminiyon ne na musamman, ana rufe ƙananan wurare da shi na ɗan lokaci bisa ƙa'ida, ba shi ke riƙe fiffiken ba. Sannan jirgi ya zo sauka har ka ga rufin gidaje sai ya sake cillawa sama, wannan matuƙi ne ya ga abin da bai yi masa ba, ko hazo ya rufe titi kamar yanda ake fama a Kano da hunturu, ya zaga ya sake gwadawa. Duk da haka in ka tambaya ba laifi, amsar minti ɗaya ce.

In kuwa ba wani abu ka gani ba, tsoro ne kawai, shi ma faɗa, tun a ƙofa. Ka ce wannan ne hawana na farko, ko tsohuwar nan ba ta taɓa hawa ba. Za su riƙa leƙo ku, in da wuri su matsar da ku kusa da fiffike inda gargada ta fi sauƙi fiye da can ƙurya baya. Amma kar ka canza kujera da kanka kafin tashi, akwai lissafin nauyi da aka yi, musamman a ƙananan jirage. Gargadar iska kuwa maganinta bel, ka bar shi ɗaure ko alamar ta mutu. A Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan ya afka cikin mummunar gargada har mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, amma jirgin ya sauka a Bangkok, waɗanda ba su ɗaure ba su aka fi bugawa da rufi.

Akwai abin da ma'aikata ke so ka faɗa da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci, wayarka ta sulale ta shige cikin ƙarafunan kujera. Kar ka motsa kujerar kana lalube, in ta matse batirin zai iya kamawa da wuta, kira su su ciro. Haka in fawa banki ta yi zafi fiye da ƙima ko ta kumbura.

Abin da ba a yi kuma, kar ka taɓa hannun ƙofar gaggawa ko da wasa, kar ka je kana buga ƙofar matuƙa, kar ka miƙe kana shelanta wa jirgi gaba ɗaya za mu mutu, don a nan ka tashi daga fasinja mai tsoro ka koma mai tada hankali, kuma jami'an tsaro za ka tarar suna jiran ka. Kalmar bam kuwa ko a raha da abokinka kar ta fito.

In tsoron ya kai ka ce kai fa sauka za ka yi, ka faɗa kafin a rufe ƙofa. Za a bar ka, amma sai an nemo jakarka a cikin kayan da aka loda a ƙasa an fitar da ita, don ba a yarda jakar wanda ya fasa tafiya ta wuce ba shi, wani lokacin har a sa kowa ya nuna kayan hannunsa a tabbatar ba ka bar komai ba. Rabin awa na iya tafiya a nan, kuma harara za ka sha daga layin farko har na ƙarshe.