Yadda za ka ceci ɗan tsere idan zafi ya buge shi

Masu fita gudu hanyar Samaru da 'yan ƙwallon da ke tirenin da rana tsaka, don Allah ku karanta wannan, musamman Maris da Afrilu da zafin Zariya ke kusantar digiri 40.

Da farko ka gane abin. Mutum yana cikin gudu sai ya fara tangaɗi, ko sambatu, ko masifa ba dalili, ko ya yanke jiki ya faɗi. Ba aljanu ba ne wallahi, zafin cikin jikinsa ne ya haura digiri 40 har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kada gumin da yake yi ya ruɗe ka, da yawansu sharkaf suke.

Ka'idar likitoci ita ce a sanyaya shi nan take, sannan asibiti. Minti 30 ɗin farko su ne komai, in zafin ya daɗe a jiki hanta da ƙoda ne ke tafiya, shi ya sa ban yarda da a cusa shi a adaidaita a kama hanyar asibitin koyarwa na Shika jikinsa na tafasa ba.

A ja shi inuwa, a cire masa riga da takalmi. Wani ya ruga wajen mai ƙanƙara, wani ya nemo mota. In akwai babban baho a cika da ruwa da ƙanƙara a tsoma shi har wuya, mutum ɗaya ya zura tawul ta hamatarsa ya riƙe don kada kansa ya nutse, saura su riƙa motsa ruwan kar ya tsaya. Babu baho? Tamfol ma ya isa, a kwantar da shi a kai, mutum huɗu su ɗaga gefe-gefe, a zuba ruwan ana jijjigawa. In wannan ma babu, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ko na fiya wata ne, ana fifita, ana canza jiƙaƙƙen tawul a wuya, hamata da matsematsi.

Kada a ba shi farasitamol, ba zazzaɓi ba ne, ƙara wa hanta wahala kawai zai yi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, zai shaƙe.

In da ma'aikacin lafiya, ta dubura zai auna zafin jikinsa, ma'aunin hamata da na goshi ba sa nuna gaskiya a nan. Ya sauko digiri 39 a fito da shi daga ruwan. Ba ma'auni, a yi kamar minti 15 ko har ya fara rawar ɗari. Daga nan sai asibiti ko da ya miƙe yana cewa ya warware, a duba jininsa, kuma kar ya koma tirenin sai likita ya amince.