Yadda Ake Ɗaura Hular Gashi Da Hannu

Tun zamanin Fir'aunoni mutanen Masar ke yin hular gashi, suna kafe ta da kakin zuma. A Faransa kuwa, sarakunan ƙarni na 17 ne suka ɗaukaka sana'ar. Ɗaurin hannu na nan har yau, kuma mai kitso a Yamai za ta iya koyonsa.

Ki tanadi katako mai siffar kan mutum, raga mai laushi, allura mai ƙugiya, da gashi kamar giram 150 zuwa 200. Ki auna kewayen kai. Na babba yakan kai santimita 55 zuwa 57. Ki shimfiɗa ragar a kan katakon, ki kafe ta da fil.

Kafin ɗauri, ki jera gashin, gindi duk gefe guda. Nan ne aiki ke lalacewa: kowane sili yana da ɓawo mai fuskantar ƙasa, in aka juya wasu sai su sarƙe, wanki ɗaya hular ta cukurkuɗe.

Ki fara daga ƙeya ki yi sama. Ki lanƙwasa sili, ki zura ƙugiyar ƙarƙashin zaren raga, ki jawo, ki ƙulle. Sili uku ko huɗu a kowane ƙulli a ƙeya, amma a goshi ɗaya tak, don ƙulli mai kauri tun daga nesa ake hango shi. Kada ki ja da ƙarfi, ragar za ta yage.

Don nannaɗewa, magabata sukan naɗe gashi a 'yan sanduna, su tafasa, su busar. Gashin roba kam, wuta na narka shi.

Da zafin Yamai, kada ki cika gashi a tsakar kai. Gumi zai hana mai ita sakat.