Yadda za ka gano matsalar kod ɗinka idan Python ta watso maka jan rubutu

Duk wanda ya fara koyon Python, ko a kwamfuta ko a waya da Pydroid 3, akwai ranar da zai kunna abin da ya rubuta sai ya ga jan rubutu ya cika masa sikirin, layi a kan layi, duk da Turanci. Abin da akasari mutane suke yi a nan shi ne su goge komai su sake daga farko, ko kuma su ɗauki hoto su tura guruf su ce "don Allah a taimaka, ba ya aiki". Alhali jan rubutun nan shi ne yake gaya maka inda matsalar take, har da lambar layi, karanta shi ne kawai ba a saba ba.

Mataki na farko, karanta shi daga ƙasa

Layin ƙarshe shi ne mai maganar. Na saman duk hanya ce da Python ta biyo kafin ta faɗi, to kai ka fara da na ƙasa tukuna. Bari mu ɗauki misali, ka rubuta ɗan lissafin shago a fayil mai suna shago.py:

farashi = input("Nawa ne mudu ɗaya? ")
adadi = input("Mudu nawa? ")
print(farashi * adadi)

Ka sa 1500, ka sa 3, kana jiran 4500 sai ga wannan:

TypeError: can't multiply sequence by non-int of type 'str'

A samansa kaɗan kuma za ka ga an rubuta shago.py da line 3. To ka ga an riga an ba ka abu biyu kyauta, wurin da abin ya faru da irin matsalar. TypeError na nufin ka haɗa abubuwan da ba jinsi ɗaya ba ne, str kuma rubutu ke nan. Dalilin shi ne duk abin da input ta karɓa daga hannun mutum a matsayin rubutu take ajiye shi, ko da lamba ya buga, kuma ba a ninka rubutu da rubutu. Maganin ɗan ƙarami ne, ka sa int, mai juya rubutu ya koma lamba, a gabanta, int(input("Mudu nawa? ")), haka ma na farashin.

Mataki na biyu, daina zato, sa ta nuna maka

Nan ne nake so ka natsu, domin matsalar da ta fi cin mutane ita ce wadda ba ta fitar da jan rubutu kwata-kwata. A misalin nan na sama, ce ka gyara adadi kaɗai ka manta da farashi. Python ba za ta yi ƙorafi ba ko kaɗan, sai dai ta buga maka 150015001500, wato ta maimaita rubutun sau uku. Mudu uku na shinkafa ya zama biliyoyin naira, kuma ita a ganinta ta yi daidai, abin da ka ce ta yi ke nan.

Idan ka ga amsa ta fito a karkace, ka sa print a tsakanin layukan ka ga me ke cikin kowane abu. print(farashi) sannan print(type(farashi)). Idan ta ce <class 'str'> alhali kai lamba kake tsammani, ka kama ɓarawon. Kar ka ji kunyar cika kod ɗinka da print, waɗanda suka daɗe a harkar ma haka suke yi, in an gama sai a goge.

Ga wata kuma da take faruwa da mu sosai saboda yadda muka saba rubuta kuɗi. Mutum zai buga 1,500 da waƙafi, nan take int ta ƙi, ta ce ValueError: invalid literal for int() with base 10: '1,500'. Kod ɗinka lafiya lau yake, abin da aka shigar ne bai yi mata ba. Sai ka cire waƙafin kafin ka juya shi, int(farashi.replace(",", "")), shi ke nan.

Mataki na uku, san fuskokin da suka fi zuwa

Ba su da yawa, in ka gan su sau biyu-uku za ka riƙa gane su tun daga nesa. NameError kusan kullum kuskuren rubuta suna ne, a sama ka rubuta farashi a ƙasa ka rubuta Farashi, Python kuwa tana bambanta babban baƙi da ƙarami. IndentationError matsalar tazarar farkon layi ce, ka riƙe tazara huɗu a farkon layukan da ke ƙarƙashin if da for da def, kuma kar ka cakuɗa ta da Tab. IndexError kuma yawanci mantuwa ce cewa ƙirga a Python daga 0 take farawa, jeri mai abu uku na ƙarshensa yana lamba 2.

SyntaxError ita ce mai ɗan wayo. Wani lokaci za ta nuna maka layi na 8 ka yi ta kallonsa ba ka ga komai ba, ashe baka, wato alamar (, ka buɗe a layi na 7 ba ka rufe ba. To in layin da aka nuna maka yana da kyau, ɗaga ido ka dubi na samansa. Daga Python 3.10 an gyara wannan sosai, tana cewa was never closed kai tsaye, amma ba kowa ke kan sabuwa ba. Masu kwafar kod daga Word ko wani shafi kuma, ku kula da alamar zance, akwai lanƙwasasshiya akwai miƙaƙƙiya, a ido kamar ɗaya ne amma Python miƙaƙƙiyar kawai ta sani, in ka ga invalid character ka goge alamar ka sake buga ta da hannunka. In kuwa darasin da kake bi yana rubuta print ba tare da baka ba, wannan Python 2 ce, an daina tallafa mata tun 1 ga Janairun 2020, gara ka nemi wani darasin.

Mataki na huɗu, idan matsalar ba a cikin kod ɗin take ba

ModuleNotFoundError na nufin abin da ka ce a shigo da shi babu shi a kwamfutarka. Za ka ce ai na yi pip install, umarnin da ake girka shi da shi, to mai yiwuwa Python biyu ce a kwamfutar, ka girka a ɗaya kana kunna ɗayar. Yi amfani da python -m pip install sannan sunan abin, ta haka zai shiga wadda kake aiki da ita. A Windows kuma idan ta ce ba ta san python ba, galibi ba ka danna ɗan akwatin nan na PATH ba ne lokacin girkawa, sake girkawa ka danna shi.

Sannan don Allah kar ka sa wa fayil ɗinka suna random.py kana koyon random. Python za ta ɗauko naka fayil ɗin a madadin na asali, ta ce maka babu randint, ka kwana kana neman kuskuren da ba ya cikin layi ko ɗaya. Canja sunan fayil ɗin kawai.

Mataki na biyar, rage shi, kuma gyara ɗaya-ɗaya

In kod ɗin ya kai layi ɗari ka rasa inda za ka kama, buɗe sabon fayil ka kwafo ɓangaren da kake zargi kaɗai, ka ba shi lambobi da hannu ka kunna. In matsalar ta biyo shi to tana ciki, in ba ta biyo ba koma ka ɗauko wani ɓangaren. Kuma abu ɗaya za ka canja sannan ka kunna, in ka canja biyar a tare ya yi aiki ba ka san wanne ya gyara ba, in ya ƙara lalacewa ma ba ka san wanne ya ɓata ba. Kafin ka fara taɓe-taɓe ka ajiye kwafin wanda yake aiki, ko da shago_tsoho.py ne, har zuwa lokacin da za ka koyi Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod.

Mataki na shida, nema da tambaya

Kwafi layin ƙarshen nan ka liƙa a Google, amma ka cire abin da yake naka ne kai kaɗai, kamar sunan folda da '1,500' ɗin nan. Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, tana nan tun 2008, da wuya ka zama mutum na farko da ya ci karo da matsalar. Ka duba shekarar amsar kafin ka kwafa, kuma ka karanta bayanin da ke tare da ita.

In tambaya za ka yi, ko mutum ko ChatGPT, cewa "ba ya aiki" daidai yake da ka je wurin likita ka ce ba ka da lafiya ka yi shiru. Faɗi me kake so ya yi, me ya yi, me ka gwada, sannan ka turo kod ɗin da saƙon kuskuren a rubuce, ba hoton da aka ɗauka a karkace hasken taga ya rufe rabinsa ba, don mai taimakonka ya iya kwafa ya gwada a nasa. Ka haɗa da abin da python --version ta nuna maka. Kafin ka tura kuma ka bi layukan da kyau, in akwai kalmar sirri ko makullin API, wato lambar sirrin da kod ɗinka ke shiga wata manhaja da ita, a ciki ka goge ka sa xxxx a wurin.