Yadda ma'aikacin jirgin ruwa zai nemi albashinsa kafin ya kai ga yajin aiki

Duk ɗan Damagaram da neman abinci ya kai shi Kwatano, Lome ko Abijan har ya samu aiki a jirgin dakon kaya, ya kamata ya san haƙƙinsa tun kafin ya hau, domin a tsakiyar teku babu unguwa, babu dangin da za su tsaya masa.

Da farko kada ka taka jirgi sai da takardar yarjejeniyar aiki mai sa hannu, ka kuma aiko wa na gida hotonta tare da sunan jirgin, lambarsa ta IMO (lambar shaidar jirgin a duniya) da ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa, wato MLC ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta biyan albashi aƙalla sau ɗaya a wata, ta kuma tanadi hutun da bai gaza awa 10 cikin awa 24 ba. Jiragen kamun kifi ba sa ƙarƙashinta, saboda haka mai aiki a cikinsu ya ƙara taka tsantsan.

Idan albashi ya makara, ka rubuta ƙorafi ga shugaban sashenka, sannan ga kyaftin, ka ajiye kwafi. In an yi shiru, da zarar jirgi ya shiga tasha ka nemi sufeton ITF, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ko jami'an tashar masu duba jirage; waɗannan jami'an ne ke da ikon hana jirgi tashi. Wata 2 ba biya yana cikin abin da yarjejeniyar MLC ta ɗauka a matsayin watsi da ma'aikata, kuma inshorar jirgin za ta biya bashin da ya kai na wata 4 tare da kuɗin komawa gida. Ana liƙa takardar inshorar a inda kowa zai gani, don haka ka ɗauki hotonta tun ranar farko.

Yajin aiki shi ne matakin ƙarshe, kuma a ganina nan ne kuskure ya fi tsada. Kada ku ajiye aiki jirgi yana kan tafiya, domin dokokin ƙasashe da yawa suna ɗaukar hakan a matsayin tawaye. Ku bari sai an ɗaure shi a tasha, ku haɗa kai, ku shawarci sandika, ku ci gaba da gadi da duk aikin da ya shafi lafiyar jirgin. Kada kuma ka sa hannu a takardar da ta ce an biya ka alhali kuɗin bai shiga hannunka ba.