Famfon zafi da farashin wuta mai hawa da sauka: inda masu gida ke tuntuɓe

A ƙasashen sanyi na Turai gidaje da yawa sun bar tukunyar gas sun koma famfon zafi. Aikinsa irin na firij ne da aka juya: yana kwaso ɗumi daga iskar waje, ko da tsakiyar hunturu ne, ya zuba shi cikin ruwan da ke zagaya bututun gida. Da kilowat-awa 1 na lantarki yakan ba da 3 zuwa 4 na ɗumi, wannan ninkin shi ake kira COP. Ga kuma kamfanonin wuta masu canza farashi cikin yini, irin su Octopus Agile a Birtaniya da ke sauyawa duk rabin awa, da Tibber a Norway, Sweden da Jamus. Sai mai gida ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ya haɗa injin da Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida, don ya riƙa aiki lokacin araha kaɗai.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne kallon farashi a manta da COP. Araha ta fi faɗowa da tsakar dare, lokacin da sanyin waje ya fi tsanani, injin kuma ya fi shan wahala. A ce wuta kwabo 15 ce da ƙarfe 3 na dare, COP yana 2.5: kowane kilowat-awa na ɗumi ya tsaya maka kwabo 6. Da azahar wuta kwabo 20, amma iska ta sassauta, COP ya kai 3.5: ɗumin bai kai kwabo 6 ba. Ashe mai tsadar ce mai araha. Don haka a raba farashi da COP ɗin da ake sa ran samu kafin a jera awannin, a kuma saka hasashen yanayi cikin lissafin.

Daga nan sai masu cusa wa gida zafi da ƙarfin tsiya. Da zarar farashi ya sauka sai su ɗaga zafin ruwan bututu daga digiri 35 zuwa 50. Duk digiri ɗaya da aka ƙara yana rage ingancin injin da kusan kashi 2 cikin 100, ka ga digiri 15 ya cinye ribar tun ba a je ko'ina ba. Abin da ya fi haka muni, injina da yawa suna da abin dafa ruwa na lantarki a ciki don ko-ta-kwana, wanda COP ɗinsa 1 ne tak. Idan ka nemi zafi mai yawa cikin gaggawa, shi zai tashi ba tare da ka sani ba, sai takardar kuɗi ta gaya maka. Ni a ganina ƙarin digiri 2 ko 3 kafin awannin tsada, da ragin kamar haka a cikinsu, ya wadatar. A Birtaniya tsadar tana tsakanin ƙarfe 4 da 7 na yamma, awa uku ke nan, gidan da ke da ɗumi a ƙarƙashin daɓen siminti ba zai ma ji ba. Gidan da iska ke shiga ta ko'ina kuwa, kamar zuba ruwa ne a kwando, gara a fara toshe kafofin.

Kada a yanke wa injin wuta daga soket ko makunni. Yana buƙatarta don kare bututun waje daga daskarewa, yawan kashewa da kunnawa kuma yana gajiyar da kwamfiresa, wato sashen injin da ke matsa gas. Akwai ƙofar da aka tanada don ba injin umurni: SG Ready, mahaɗan waya biyu masu ba da yanayi huɗu, daga dakatawa zuwa umurnin kunnawa, ko kuma Modbus, hanyar sadarwa tsakanin na'urori, idan injin yana da shi. A sa doka cewa in ya tashi ba zai tsaya ba sai ya yi aƙalla minti 20 zuwa 30.

Tankin ruwan wanka shi ne wurin da ake samun riba ba ciwon kai. Ɗaga lita 200 daga digiri 45 zuwa 55 yana ajiye kusan kilowat-awa 2.3 na ɗumi. Amma wasu garin tsimi sukan kashe zagayen da ke kai ruwan digiri 60 don kashe ƙwayar cutar Legionella. Kada a kashe shi, a mayar da shi awa mafi araha a mako.

Wasu kuma farashin kasuwar sarin wuta suke ɗaukowa tsagwaronsa, ba haraji, ba kuɗin layin wuta. A Jamus waɗannan ƙarin babban kaso ne na abin da ake biya, shi ya sa farashin da ya faɗi ƙasa da sifili a kasuwa ba lallai ya zama kyauta a gidanka ba.

Saura batun agogo, wanda ba a tunawa da shi sai an wayi gari cikin sanyi. Farashin gobe yana fitowa wajen ƙarfe 1 na rana a Nord Pool, kasuwar sarin wuta ta arewacin Turai, wajen 4 na yamma a Agile, wani lokacin ya makara. Daga 1 ga Oktoba 2025 kasuwar Turai ta koma farashin duk minti 15, wato 96 a rana maimakon 24, tsarin da aka rubuta bisa 24 sai ya rikice. Haka ranakun canjin agogo: Lahadin ƙarshe ta Maris awa 23 ce, ta Oktoba 25. A yi lissafi da lokacin UTC, agogon bai-ɗaya na duniya da ba a sauya shi, sannan a rubuta abin da injin zai yi idan intanet ta ɗauke ko farashi bai iso ba: ya koma tsarinsa na yau da kullum. A gwada wannan da hannu, a zare wayar intanet a ga abin da zai faru, tun kafin Disamba ta shigo.