Yadda za ka gane carbin Pink Ivory na gaske

Shi wannan icen da ake ce wa Pink Ivory ba hauren giwa ba ne, suna ne kawai. Bishiya ce da ke fitowa can Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Mozambik, kuma dangi ɗaya suke da magarya da kurna, har 'ya'yanta ma ana ci. Kalarsa tun daga ruwan hoda mai haske har zuwa ja kamar cikin kankana haka Allah ya yi shi, ba rini ba, shi ya sa yake tsada, shi ya sa kuma 'yan damfara ke rina farin katako su ce maka shi ne.

To in an miƙo maka, fara da leƙa cikin hudar da zare ya bi. Na gaske ciki da waje kala ɗaya ne, na rini kuwa sau da yawa za ka ga cikin ya yi fari-fari ko kalar ta taru a bakin hudar. Sai ka ɗan fesa turare a farin ƙyalle ka goga ɗa guda, wanda ke kusa da tuntu inda ba a gani, in ƙyallen ya yi jajir to a kai kasuwa. Kuma ka jera su a tafin hannu ka duba da kyau, in 33 ɗin nan ko 99 duk suka zo iri ɗaya sak kamar daga inji, ni dai ban yarda ba, ice ai ba ya haka, wani zai fi wani cizawa, da ɗan zane-zane a jiki. Nauyi ma shaida ne, icen na da nauyi sosai.

Riƙon shi ne aiki. Don Allah kar ka rataye shi a madubin mota kamar yadda direbobinmu ke yi, rana ce ke cinye kalar ta mai da shi ruwan ƙasa. In ka idar da alwala goge hannu tukuna, kuma ban da fesa masa turare. Da hunturu ka ɗan murza masa kakin zuma da ƙyalle mai laushi saboda tsagewa, kar ka labta masa mai, duhu zai yi. Gama lazimi, mayar da shi 'yar jakarsa.